Wasiƙa Zuwa Abijan Kan Hotunan Ƙungiyarmu

Tawa, ƙasar Adar

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya kasuwa, ya zaman baƙunta? Mutanen gida duk lafiya lau. Inna ta ce saƙonka ya iso, tana ta sa maka albarka.

Na saurari muryar da ka aiko ta WhatsApp, cewa kai da ƴan Adar na can kun yi karo-karo za ku sayo wa ƙungiyarmu mai aikin dashen itace babbar kyamara. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Amma don Allah ku dakata da sayen tukuna, ka ji ta bakina.

Ciwon hotunanmu ba na na'ura ba ne. Buɗe shafinmu na Facebook ka gangara ƙasa, me za ka tarar? Tebur, kujerun roba, manya a jere, ƙyallen sanarwa a bayansu, samari kuma can gefe an yanke musu rabin fuska. Ka goge sunanmu ka sa na kowace ƙungiya daga Yamai har Difa, ba wanda zai gane. Alhali samarin nan su ne suka sha rana suna haƙa tassa da rabin wata, ramukan nan na tare ruwan sama, a kan faƙo, su ne suka yi ta jigilar ruwa don kada dashen ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dasa itace, ya mutu. Wanda ya yi aikin ba ya cikin hoton. Sabuwar kyamara za ta ƙara fito mana da teburin nan ne kawai tar-tar.

Akwai kuma wani irin hoto da muka yi dogon musu a kansa a taron kwamiti. Wani ya ce mu riƙa ɗaukar yara masu yagaggun riguna, ƙuda a ido, don shi ne ke buɗe aljihun masu ba da tallafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun farin 1973 da na 1984, har yunwar 2005, da irin wannan fuska duniya ta san mu, kuma baƙi ne suka ɗauka, suna tsaye, yaron yana ƙasa yana ɗaga kai. Yau mu da kanmu za mu ci gaba da wannan? Yaron nan yana da uba, uban yana da waya, wataƙila ma yana nan Abijan kusa da shagonka. Kuma Adar tana da wani labarin da ba a cika nunawa ba. Tun 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizaya, tuddai suka sake yin itace. A kwarin Majiya layukan dogon yaro sun tsaya suna kare gonaki daga iska. Albasar Galmi har kasuwanninku take zuwa. Gani ya kori ji, to mu nuna wannan.

Abin da muka tsayar ke nan: a kowane hoto namu, a ga matashi yana aiki, kuma mai ɗauka ya daidaita idonsa da na wanda yake ɗauka. In yaro ne, ka tsuguna. In tsoho ne a kan tabarma, ka zauna. Kuma a matso. Hoton da ya fi ratsa ni cikin duk abin da muka tara, wata ƙanwarmu ce ta ɗauke shi da Tecno ɗinta: hannun wata yarinya da lalle ya fara kodewa, tana yage baƙar leda daga gindin dashen gawo, jar ƙasa ta shiga ƙarƙashin faratanta, saiwoyin sun leƙo farare. Babu ƙyallen sanarwa, babu jawabi, amma duk wanda ya gani ya san abin da muke yi.

Maganar haske ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci, don ka san ranar Tawa. Da rana tsaka inuwa kan cika ramin ido, goshi ya yi ta ƙyalli, in kuma mutum yana sanye da farar shadda sai wayar ta bi farin ta bar fuska baƙi ƙirin. Don haka mun ce a yi ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya. In dole ce ta sa da tsakar rana, a kai mutum bakin inuwar zaure ko ta bishiya ya fuskanci waje, a taɓa fuskarsa a kan gilashin wayar don ta auna haske daga nan. Hazon hunturu ma yana da amfaninsa, yana tausasa haske, sai dai a goge idon kyamara kafin kowace ɗauka. Wannan damuwa da baƙar fata tsohuwa ce. Shekara da shekaru kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa fuskokin irinmu suka daɗe suna fita babu kyau. Yanzu kuma wayoyi sun zo da wani sabon salo, su goge fuska su haskaka ta kamar an shafa mata man bilicin. Mun hana. Kowa ya kashe wannan a wayarsa. Ina son fatarmu ta fito yadda Allah ya yi ta, da zufa, da tsagen gado in akwai.

Launi biyu muka riƙe, jan ƙasar Adar da koren damina, sai tambarin ƙungiya ƙarami a kusurwa ɗaya kullum.

Bidiyo kuwa, da wayar a tsaye za mu riƙa ɗauka, tunda a status da TikTok mutanenmu ke kallo, kuma kada ya wuce minti ɗaya saboda tsadar mega da raunin rezo. Ba za mu buɗe da jawabin shugaba ba. A fara da ƙarar hauya ko keken ɗinki, sannan mai aikin ya yi magana da bakinsa, da Hausa ko Tamashek, mu sa fassarar Faransanci a ƙasa. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in iska ta cinye magana, nan take zai wuce. Ka tuna a garin nan marigayi Moustapha Alassane ya zauna shekaru yana haɗa finafinan zane da ƴan kayan da ba su taka kara sun karya ba, kuma aikinsa ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Samarinmu da yawa ba su ma san da shi ba, abin yana damuna.

Sai neman izini. Ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa, ba a ɗaukar matar aure sai ta amince, kuma a faɗa musu inda hoton zai je. Wanda ya ce a cire, a cire ba gardama. Sannan a nuna wa mutum hotonsa kafin a bar wurin.

To ga roƙona game da kuɗin. Ku sayo mana ƙananan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, masu gashin tare iska, da ƙafar ɗora waya, da batiran caji na tafi-da-gidanka saboda ɗaukewar wuta, da abin ajiye hotuna mai ɗaukar kaya da yawa. Abin da ya rage mu biya wani mai hoto ya zo ya zauna da samari da ƴanmata ya koya musu. In hannunsu ya faɗa, sai mu koma maganar kyamara.

Kai ma akwai naka aikin. Ka ɗauko mana ƴan Adar na can a bakin sana'arsu, da yardarsu, don ku ma ƴan ƙungiya ne kuma guminku na cikin kowane dashe. In za ka turo, ka turo a matsayin dokiman, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau.

Ka gaida uwargida da yara, da duk ƴan'uwa da suka sa hannu. Ina jiran amsarka kafin ku shiga kasuwa.

Naka har kullum,
Amininka na Tawa