Amsa ga Ɗalibar da Ta Tambayi Siffar Ƙasar Yahudawa a Adabi

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa, kin tambaye ni a bainar jama'a ko siffa ɗaya marubuta suka ba ƙasar da Yahudawa ke kira tasu, wato yankin Isra'ila da Falasɗinu, tun daga da har yau. A'a. Kafin ki yarda da kowane marubuci, ki bincika ko ya taka ƙasar da ƙafarsa, da kuma su wa ya saka a cikinta.

Zabura ta 137 kukan waɗanda aka kwashe zuwa Babila ne bayan rushe Urushalima a 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Yehuda Halevi, mawaƙin Andalus, ya bi wannan sawun. Da Ibrananci ya yi waƙa amma bisa ma'aunin Larabci, yana cewa zuciyarsa na gabas shi kuwa yana ƙuryar yamma. Duk wanda ya san waƙoƙin begen Madina zai gane muryar nan take. Sai 1140 ya bar Andalus, bayan ya daɗe yana waƙe ƙasar da bai gani ba. Haka Abraham Mapu, da ya fitar da littafin labarinsa Ahavat Zion a 1853 yana zaune a Lituwaniya: gonakin inabi da makiyaya na zamanin Annabi Ishaya, duk daga karatu.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne kan Mark Twain, marubucin Amurka. Ana yawan ɗauko maganarsa a The Innocents Abroad (1869) a kafa hujja cewa ƙasar kufai ce. To, a watan Satumbar 1867 ya ratsa ta, ƙarshen rani, ciyawa ta ƙone, kuma mutum ne da sana'arsa ba'a ce ga masu zuwa ziyara. Ba ƙidayar jama'a ya je yi ba, ballantana a dogara da shi.

Theodor Herzl, jagoran fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, a littafinsa na hasashen gaba Altneuland (1902), ya zana birnin Haifa mai jiragen ƙasa na lantarki, da Balarabe guda yana yabon Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa can. Fassarar sunan littafin ce ta zama sunan birnin Tel Aviv.

Waɗanda suka zauna can ne suka sauya hoton. Agnon, marubucin Ibrananci, a wani littafinsa na 1945, ya nuna zazzaɓi, ƙura da rashin aikin yi. S. Yizhar kuwa, a Khirbet Khizeh (1949), ya sa sojan Isra'ila yana ba da labarin korar Larabawa daga ƙauyensu. Ki haɗa shi da labarin Ghassan Kanafani na komawa Haifa, inda Bafalasɗine ya iske wata Bayahudiya da ta tsira daga Hitila zaune a gidansa.

Wassalam.