Shayin Ganyen Atemisiya Ba Zai Maye Gurbin Maganin Maleriya Ba

Ya Edita, Assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja hankalin jama'a kan busasshen ganyen da ake tallarsa da sunan "maganin maleriya na ƙasar Sin". Sinawa suna kiransa cinhao, masana tsirrai kuma Artemisia annua. Tsiro ne na shekara guda, yakan kai mita 2, ganyensa kore mai tsaga-tsaga kamar na karas, da ƙamshi mai ƙarfi da ƙananan furanni rawaya. Danginsa suna da yawa, har da tazargade, kuma in an daka su gari ido ba ya bambanta su. Wani dangin mai toka-tokan ganye yana ɗauke da sinadarin tujon, wanda yawansa ke jawo jijjiga.

Ganyen cinhao yana da daraja, ba musu. A ƙarni na 4 wani masanin magani na Sin, Ge Hong, ya rubuta cewa don zazzaɓi a jiƙa danƙi guda a ruwa, a matse, a sha. Wannan bayani ne ya sa masaniyar magunguna ta Sin, Tu Youyou, ta daina tafasa shi ta koma tace shi da ƙaramin zafi, har aka samo atemisinin, sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar maleriya kuma ake yin ƙwayar magani daga gare shi, a 1972, ita kuma ta ci kyautar Nobel a 2015.

Amma shayi daban, ƙwaya daban. Yawan atemisinin a ganye yana canzawa gwargwadon iri, ƙasa, lokacin girbi da yadda aka adana, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Cikin 'yan sa'o'i ya fice daga jini. Sai zazzaɓi ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali an bar baya da ƙura, bayan makonni ciwon ya dawo. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, irin wannan guntun magani ke koya wa ƙwayar cutar juriya, kuma an riga an ga alamunta a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayin.

A fara da gwajin jini. In maleriya ce, babba mai kilo 35 zuwa sama zai sha maganin artemether-lumefantrine mai ƙarfin miligiram 20/120, ƙwaya 4 sau 6 cikin kwana 3, na biyu bayan sa'a 8, tare da madara ko abinci mai maiƙo. Mai juna biyu kada ta kusanci shayin. Yaron da ke jijjiga, ko amai ya hana shi riƙe magani, a garzaya da shi asibiti don allurar artesunate.

Daga wasu masu harhaɗa magunguna, Kano.