Koken Manoma Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗo Kan Takin Jabu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya tsare gidan sarauta. Mu talakawanka ne, manoman unguwar Hausawa da ƙauyukan bakin kogin Binuwai. Mun durƙusa gabanka, don ɗa ba shi da inda zai kai kuka sai wurin uba.

Ranka ya daɗe, an cuce mu bana. Masara ta kai gwiwa, daidai lokacin da take neman takin yuriya, muka sayo shi a kasuwa, wani da kuɗin akuyarsa, wani da bashi. Muka zuba bayan ruwa, muka jira. Gona ba ta yi kore ba. Ganyen ƙasa ya soma rawaya daga tsini, rawayar tana bin jijiyar tsakiya, kara ya tsaya siriri. Ba ƙunar gefen ganye ba ce irin ta rashin sinadarin fotash, yunwar naitirojin ce, sinadarin da ke sa ganye kore: shuka na janye abinci daga tsohon ganye tana kai wa sabo. Yuriya ta gaskiya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, kuma in ka zuba ta a kofin ruwa narkewa take ƙaf, har kofin ya yi sanyi a hannu. Wani dattijo ya gwada tamu a ƙofar masallaci, jama'a na kallo. Farar tsakuwa ta kwanta a gindin kofi. Buhu mai kilo 50, bakinsa ɗinkin hannu! Yanzu ko an ba mu takin kirki kyauta, lokacinsa ya wuce, goyon da masara ta yi bai kai tafin hannu ba.

Dama ƙasar ta gaji. Tun 2022 taki ya yi tsada, an sassare gawo da ke ciyar da gona da ganyensa, wuta-wuta ta mamaye dawa, ita kuwa ƙasa mara ƙarfi take so. Mun sha kai kuka, an ce za a duba, an sake cewa za a duba.

Allah ya taimaki Lamiɗo, muna roƙo a ɗebi takin nan a kai wa masana na IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, a Garwa su auna. A hana farke buhu a sake ɗinkewa. A kira masu sayarwa fada, su mayar wa mutane kuɗinsu, don mun san su, sun san mu, sahu ɗaya muke sallah. A turo malaman gona su zaga gonakinmu, a hana saran gawo. Kuma, ranka ya daɗe, a auna takin nan kafin a kwashe shi daga rumfuna, matasanmu da ƙyar muke riƙe su.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba.

Talakawanka,
Manoman unguwar Hausawa da kewaye