Wasiƙa zuwa Agadas: kar ka mayar da na'urar nan

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyi?

Na ga saƙonka, wai na'urar hangen taurarin da ka saya wa yara jabu ce: taurari na fitowa da wutsiya, kuma in ka ɗora jan ɗigon ɗan jagoran da ke kan bututun, wato 'yar na'urar da ke nuna inda bututun ya dosa, a kan wata, sai ka leƙa ka tarar da duhu. Don Allah kar ka mayar da ita, lafiyarta ƙalau. Duk na'urar da ta sha girgizar mota har Agadas, dole madubanta su goce. Abin da ke damunka saiti ne, kuma iri biyu ne, na madubai da na ɗan jagora, kowanne da hanyarsa.

Daga hoton da ka turo, irin wadda Isaac Newton ya fara ƙerawa ce a 1668. Faɗin madubinta milimita 130, nisan da take tattara haske 650. Haske yana shiga ta baki, ya faɗa kan babban madubi mai kwarmi a gindi, ya dawo, sai ƙaramin madubin da ke karkace digiri 45 ya juyo shi gefe zuwa idonka. Ɗayansu ya kauce ko yaya, hasken tauraro ba zai taru wuri guda ba, wutsiyar da kake gani ke nan. Gajerun bututu irin naka sun fi dogaye saurin nuna wannan.

Da rana za ka yi aikin, a inuwa. Cire gilashin leƙawa, ka sa murfin roba mai 'yar huda a tsakiya a gurbinsa. Duba kwalin, sau da yawa ana haɗowa da shi. In babu, huda wani murfin da allura. Masu shago za su so sayar maka da na'urar lesa. Ni dai ban ga dalili ba, masu arhar su kansu sukan zo a goce.

Kwantar da bututun kafin ka taɓa komai, domin in yana tsaye alanki, wato ɗan ƙarfen murɗa notuna, ya suɓuce maka, kan babban madubin zai sauka. Fara da ƙaramin madubi. In ka leƙa ta hudar, ya kamata ka ga babban madubin gaba ɗaya a cikinsa, har da ƙarafuna ukun da ke riƙe da gefensa. In biyu kawai kake gani, koma kan ƙananan notuna ukun da ke bayan ƙaramin madubin: sassauta ɗaya, ɗaure sauran, kaɗan-kaɗan, har ƙarfe na ukun ya bayyana. Babban notin tsakiya kuwa ka ƙyale shi.

Sai babban madubi. A gindin bututun akwai notuna shida, uku na kullewa, uku na saiti. Sassauta na kullewar tukuna. A tsakiyar madubin akwai ɗan zobe da masana'anta suka liƙa, ba datti ba ne, kar ka cire. Aikinka shi ne ka shigar da baƙin ɗigon nan, wato hoton hudar da kake leƙawa, cikin zoben. Nan ne babban yaronka zai yi amfani: kai kana leƙe, shi yana murɗawa, kana cewa ƙara ko koma. In ya shiga, ku ɗaure na kullewar a hankali, ka sake leƙawa, don ɗaurin kansa kan gusar da saitin.

Alƙalin dai tauraro ne. Fitar da na'urar ta sha iska kamar rabin awa, madubin ya huce. Nemi tauraron arewa, tunda shi ba ya gudu daga ido. A wajenku yana sama da ƙasa da kimanin digiri 17, mu nan Kano 12 ne, hazo kan rufe mana shi. Sa gilashi mai lamba 10, wanda ke ninka girma sau 65, kawo tauraron tsakiya, sannan ka ɗan ɓata hoton da gangan. Zai buɗe ya zama kamar gammo, da baƙin rami a ciki. Ramin na tsakiya, ka gama. Ya karkata, ƙara taɓa notunan gindi.

Ɗan jagoran ba wuya. Da rana, sa gilashi mai lamba 25, ka nemo kan ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci mai nisan kilomita ɗaya ko fiye da babban bututun. Za ka gan shi a kife, haka irin na'urar take. Kulle ta, sannan ka murɗa maɓallan jagoran biyu har jan ɗigon ya zauna kan abin. Jagora ne ke bin bututu, ba bututu ke bin jagora ba. Da dare ka ƙarasa a kan tauraro, kuma ka riƙa kashe shi, yana cin batir.

Ka ja kunnen yara: ko da wasa kar su juya ta wajen rana, makanta ce nan take. Ƙurar da za ka gani a madubin kuma kar ka goge ta da gefen rawani. Fatar alminiyom ɗin a samansa take, yashi zai karce ta. Rufe bakin kawai in kun gama.

Daren farko ku fara da Kaza da 'Ya'yanta, tana sama da yamma a wannan lokaci, kuma gilashi mai lamba 25 zai ɗauke ta duka. Wata kuma ya fi daɗin kallo yana rabi, lokacin da inuwa ke fito da ramukansa. In saitin ya ƙi, ɗora kyamarar waya a kan hudar ka turo mini abin da ta ɗauka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Kano