Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Riƙon 'Yan Kwikwiyo, Jos

Jama'a mambobi, assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekara. Kwamiti ya ɗora mini rubuta abin da muka yi bana. Lissafin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro tare da rasitai.

Tsarin riƙo yana nan yadda kuka san shi. A ɗauko ɗan kwikwiyon da aka jefar, wani mamba ya riƙe shi a gidansa har ya kai mako 8, a ba shi maganin tsutsar ciki, a fara masa allura, sannan a nemo masa gida. Waɗanda suka fi ba mu wahala su ne jarirai da ko ido ba su buɗe ba, wato ƙasa da mako 2 da haihuwa. Irin waɗannan duk bayan awa 2 ko 3 ake ba su madara, dare da rana. Fitsari ma ba sa iya yi da kansu, sai an shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, madadin lasar uwa. Matan da suka ɗauki wannan nauyi sun cancanci godiya ta musamman. Wata daga cikinsu ta ce mini ta yi zaton ta gama tashin dare tun da ta yaye autanta.

Mun yi asara, kuma ba duka ce za mu jingina wa ƙaddara ba. Lokacin hunturu an kawo mana guda 5 a cikin kwali daga bakin wani kwalbati. Jaririn kare ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, sanyin Jos kuwa kun san shi. Biyu sun mutu kafin gari ya waye saboda a kan siminti aka kwantar da su. Wasu kuma an ba su madarar shanu, zawo ya kama su. Mafi muni ita ce cutar fabo, mai sa amai da zawon jini. Ta shiga gidan wani mai riƙo, kuma da yake ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa, dole muka dakatar da kai masa wasu. Bai ji daɗi ba. Muna ba shi haƙuri a nan gaban kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bana labarin wata karya ce da ke kwana bayan wata mahauta. Farkon shekara mun kwashe 'ya'yanta, muka raine su, muka raba su, muka yi ta yi wa juna barka. Kafin damina ta ɗauke sai ga waya: ta sake haihuwa, a wuri guda. Babu abin mamaki a ciki. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, 'yarta kuma tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba. Ashe muna ta share ruwa ne a tsakar gida, famfo na buɗe.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga yanzu duk wanda ya kawo 'yan kwikwiyo za a tambaye shi ina uwar. In tana da mai ita, a roƙe shi ya yarda likitan dabbobi ya yi mata aikin cire mahaifa bayan yaye. In ba ta da kowa, mu kama ta. Wasu mambobi sun ce a tsaya ga dandaƙe maza tunda ya fi araha. Gaskiya ne ya fi araha, amma namiji ɗaya da ya tsira ya ishi matan unguwa gaba ɗaya. A ganina gara mu yi wa mata kaɗan aiki mai tsada.

Sau biyu masu unguwa suka nemi shawararmu kan zuba guba bayan kare ya ciji yaro. Fushin iyaye a kan hanya yake. Abin da muka faɗa musu shi ne muddin juji na cike da ragowar abinci, kayan ciki kuma na zube bayan kwata, karnukan da aka kashe wasu za su maye gurbinsu daga maƙwabta, ƙila ma waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba. Gubar kuma ba kare kaɗai za ta samu ba: ga kaji da awaki, ga yara masu wasa a bola. Ɗaya ya saurare mu, ɗayan bai saurara ba.

Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, mun fita da likitocin sa-kai aka yi wa karnuka allura kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura kafin a katse yaɗuwarsa. Abin kunya ne a ce cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924 kuma take haɗa wannan allura, tana bayan gidanmu, amma a samu karen da ya tsufa ba a taɓa tsira masa ita ba. Mun kuma nanata wa mutane: in kare ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Nemo gida har yanzu yana da wuya, musamman ga mata. Kowa namiji yake so. Makiyaya, mafarauta da masu gonaki a bayan gari su suka fi karɓa, kuma wannan ya kwantar da hankalin mambobinmu Musulmi, tunda an yarda da kare don tsaron dabbobi da gona da farauta. Akwai kuma masu zuwa da fara'a alhali niyyarsu su yi kiwo su kai kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, inda ake sayen su don nama. Ba mu shiga sana'ar kowa ba, amma ba don haka wata baiwar Allah ta hana idonta barci ba. Shi ya sa muka fara kai ziyara gidajen da suka karɓa idan ɗan kwikwiyon ya kai wata 3, lokacin da allurar haukan kare ta farko take kamawa.

A babban taro za a kaɗa ƙuri'a kan ware rabin kuɗin wata-wata don aikin cire mahaifa. Muna kuma neman ƙarin gidaje masu tsakar gida da katanga. Mai tsohon bargo ko buhun da ba ya amfani da shi ya zo da shi, hunturu ya kusa.

Sakatare, a madadin kwamiti