Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Wayar Da Ke Hannunsa

Ɗana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne domin in yi maka magana a kan wayar da ke hannunka, da yake yanzu ka yi nisa da gida, kuma babu mai ce maka ɗauke ta ko ajiye ta sai kai kanka. Kai ka buɗi ido ka tarar da ita, don haka kana iya zaton dama can haka duniya take. Alhali ƙirar mutane ce, kuma wanda ya san yadda aka ƙera abu da manufar masu ƙera shi ya fi sanin matsayin da zai ba shi a rayuwarsa.

A watan Afrilun 1973 ne wani injiniyan kamfanin Motorola mai suna Martin Cooper ya tsaya a bakin titi a Amurka, ya yi kiran farko da wayar hannu marar igiya, wadda nauyinta ya haura kilo 1. Sai a 1983 irinta ta sami izinin shiga kasuwa, kuma ko a lokacin, sai an yi mata cajin kusan awa 10 kafin a sami hirar minti 30. A 1991 tsarin GSM ya fara aiki a Finlan, a shekarar da ta biyo baya kuma aka aika saƙon tes na farko a Ingila. Wayar da ake ɗauka a matsayin kakar wayoyin komai-da-ruwanka ita ce Simon ta kamfanin IBM, wadda ta fito a 1994 da fuskar da ake taɓawa, da imel, da kalanda, amma batirinta bai wuce awa guda yake yi ba, kuma ba ta daɗe a kasuwa ba. Bayanta Nokia da BlackBerry suka yi zamaninsu. Ma'aikatan ofis da suka riƙi BlackBerry su ne suka fara ɗanɗana abin da kowa ke fama da shi yau, domin sun wayi gari aiki yana bin su har gida, har kan gado.

Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya nuna wa duniya iPhone, ya ce abu uku ne a jiki guda: na'urar jin waƙa, da waya, da hanyar shiga intanet. Ana yawan ambaton wannan rana, amma a ganina shekarar 2008 ta fi ta tasiri. A cikinta ne Apple ya buɗe kasuwar manhajoji da manhaja kusan 500, ta yadda duk mai basirar rubuta manhaja zai iya ƙara wa wayar wani sabon aiki, kuma a cikinta ne waya ta farko mai tsarin Android ta fito. Da yake Google bai riƙe Android don kansa kaɗai ba, ya bar wasu kamfanoni suna ɗora shi a kan wayoyinsu, sai farashi ya yi ta sauka har babbar waya ta kai hannun talaka. Nokia, wanda a da ya fi kowa cinikin waya a duniya, bai gane alƙiblar da wuri ba, har ta kai ya sayar wa Microsoft sashensa na waya a 2014.

Ba zan ɓoye maka alherin wannan na'ura ba, domin mai yawa ne. Ta haɗiye agogo, da rediyo, da tocila, da kyamara, da taswira, da ƙamus. Ɗalibin da ba shi da ɗakin karatu kusa da shi yana buɗe littattafan da iyayensa ko labarinsu ba su ji ba, ƙaramin ɗan kasuwa yana tallata hajarsa ya karɓi kuɗinsa ba tare da ya bar wurin sana'arsa ba, wanda aka zalunta kuma yana iya ɗaukar shaida da hannunsa. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne tsohuwar da jikanta ke wata ƙasa, a kara mata waya a gabanta, ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana kiran sunansa tana sa masa albarka.

To amma ka tsaya ka tambayi kanka, me ya sa mafi yawan manhajojin da kake buɗewa ba su karɓar ko kwabo daga gare ka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19, kuma ba a zuba irin wannan dukiya don sadaka. Mafi yawan kuɗin shigar Google da na kamfanin Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook, daga talla yake fitowa, mai talla kuwa abin da yake saye shi ne idonka da lokacinka, tare da bayanin abin da kake so da inda kake zuwa. Saboda haka aka ɗauki ƙwararru aiki musamman domin su tsara manhajar yadda ajiye ta zai yi maka wuya. Jan ɗigon nan da ke bayyana a kusurwar manhaja ba don ado aka sa shi ba. Shafin da ake ja da yatsa ba ya ƙarewa shi ma da gangan aka yi shi, kuma Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirarsa a 2006, ya fito fili daga baya ya nuna nadamarsa. Ka lura da babban yatsanka wata rana: ka ɗauki waya don duba lokaci, sai ga shi ya zarce da kansa, yana shafawa sama, bidiyo na bin bidiyo, ka ɗago ka ga awa ta wuce, lokacin ma ba ka duba ba.

Ba ni kaɗai ke wannan damuwa ba. A 2018 Apple da Google da kansu suka sanya wa wayoyi ma'aunin da ke nuna wa mutum awoyin da ya ɓatar a kansu, a shekarar ce kuma Faransa ta hana yara amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A 2024 Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta. Kai ka wuce shekarun da doka za ta tsare ka, don haka tsaron ya koma wuyanka.

Ka kashe ƙarar sanarwar duk wata manhaja, ban da kira da saƙon mutanen da suke da haƙƙi a kanka. In ka zauna karatu, ka ajiye wayar inda hannunka ba zai kai ba sai ka miƙe, domin hankalin da ake katsewa kowane minti biyar ba ya riƙe ilimi mai zurfi. Kada ka kwana da ita a gefen matashinka. Ka nemi agogo ya riƙa tashinka. Idan mutum yana yi maka magana, babba ne ko yaro, ka sa ta a aljihu ka dube shi, domin amsa mutum ido na kan waya wulaƙanci ne ko da ba a yi niyyarsa ba. In kana tuƙi kuwa, babu saƙon da ya kai ranka da na mutanen da ke kan hanya.

Sai batun tura labari, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. A Indiya, jita-jitar masu satar yara da aka riƙa yaɗawa ta WhatsApp ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har a 2018 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a ƙasar, sannan ya faɗaɗa dokar ga duk duniya a 2019. Yawancin waɗanda suka tura saƙonnin nan ba mugaye ba ne, sun ɗauka gargaɗi suke yi wa 'yan uwansu. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ko ka goge naka, wani ya riga ya adana nasa. Duk labarin da ya tafasa maka zuciya nan take, shi ne ya fi cancantar ka dakata ka binciki tushensa. Haka hoton wani ko sirrinsa, kada ya fita ta hannunka ba da izininsa ba, naka ma ka san wanda kake ba. Lambar sirrin asusunka kuwa, duk wanda ya kira ka yana nemanta, ko ya ce daga banki yake, ka katse kiran.

Ina so cikin makon nan ka buɗe ma'aunin lokacin da na ambata, ka ga awoyin da kowace manhaja ta ci, idan ka kira mu ranar hutunka mu tattauna a kai. Kuma ka riƙa kira da murya, domin mahaifiyarka ta fi samun natsuwa da jin muryarka a kan saƙon rubutu. Ita da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka