A riƙa auna kwalta da irin zafin ƙasarmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Duk mai bin hanyar tirelolin da ke haurowa daga Garwa a arewacin Kamaru su nufi Kuseri da Injamena ya san kwarin da taya ke bari a kan titi, musamman inda mota ke rage gudu. Ana ɗora wa lodi laifi, amma yadda ake auna kwaltar ma yana da nasa kason.

Kwalta hali biyu gare ta. In nauyi ya wuce da sauri, takan lotsa ta dawo kamar roba. In ya daɗe a kanta ko ta ɗau zafi, sai ta malala kamar zuma, ba dawowa.

Gwajin da aka saba shi ne na allura: a ɗora mata nauyin giram 100, a sake ta sakan 5 cikin kwalta mai zafin digiri 25. In ta nitse milimita 6 zuwa 7, kwaltar ita ce ajin da ake kira 60/70. Wajen zafin ake yawan kuskure. Ɗakin gwaji a Marwa cikin Afrilu ya fi digiri 25 nesa ba kusa ba, don haka dole samfurin ya zauna cikin ruwan da aka daidaita zafinsa har ya ratsa shi. A soka sau uku, tsakani aƙalla milimita 10, ana goge allurar. Kumfa ɗaya a ciki ya isa ya ɓata lissafi.

To amma fuskar titi da tsakar rana takan haura digiri 60, alhali 60/70 na sakin jiki tun wajen digiri 50. Allura ba ta san wannan ba.

Akwai na'urar da ta sani. Ana matse kwalta mai kaurin milimita 1 tsakanin faifai biyu masu faɗin milimita 25, na sama yana murɗawa dama da hagu a zafin da aka zaɓa. Tana nuna taurin kwaltar da kuma jinkirin da take yi kafin ta bi murɗar. Da kusurwa ake auna jinkirin: in ta doshi 90, halin robar ya tafi, saura malala.

Roƙonmu ga masu rubuta sharuɗɗan kwangila: su sa wannan gwaji a digiri 64 ko 70, kuma a ɗebi samfuri daga tankar da ta iso wurin aiki, kada a tsaya ga takardar mai sayarwa.

Wassalam,
Wasu injiniyoyin hanya, Marwa